Mashin Da Ba Ya Jefuwa

Ranar da aka gama girbin dawa, a shekara ta biyu ta sabon sarki, aka karɓe dogayen masu daga hannun rundunar su Gabela. Aka tara su a tsakiyar filin sansani, aka karairaya ƙotocinsu, aka kwashe ƙarafan a kwanduna aka kai wa maƙera. Kafin rana ta yi tsaka, abu ɗaya tak da Gabela ya fi kowa iyawa a duniya ya zama laifi.

Gwanin jifa ne. Tun suna kiwon maruƙa, idan aka turo kabewa daga kan tudu ta gangaro da gudu yara suka jefe ta da fiƙaƙƙun sanduna, tasa ce kullum ake samu a ciki. Da ya girma, yakan kayar da gada a inda wani sai ya kare ido da hannu kafin ya hango ta. A kan haka aka yi masa kirari, a kan haka iyayen matarsa suka saki fuska ranar da ya kai shanu. Yanzu ga shi da shekara arba'in, da zoben manya ɗinke a gashin kansa, da 'ya'ya uku a gida, aka miƙo masa wani abu aka ce wai shi ne mashi.

Ƙotarsa ba ta kai tsawon hannu ba, ga kauri kamar ta fartanya. Ruwansa ya yi faɗin tafin hannu, tsawonsa ya kusa taƙi biyu, nauyin duk ya taru a gaba. Samari suna kiransa iklwa, wai haka yake cewa idan aka zare shi daga jikin mutum. Gabela ya ɗora shi a kan yatsa yadda ake auna mashi, ya nemi inda zai daidaita, bai samu ba.

"Kai, mijin ƙanwata," in ji Mpisi da ke tsaye a gefensa, "me kake laluba a jikinsa? Kaska?"

Mpisi yayan matarsa ne, kuma sa'ansa. Tare suka yi kiwo, tare aka sa su a runduna ɗaya, kuma tun ranar da Gabela ya auri ƙanwarsa bai bar shi ya sha iska ba.

"Mashin nake nema," in ji Gabela. "An ce yana nan."

"Riƙe shi da kyau, kada ya tashi sama. Ni kam na ji daɗi. Shekara ashirin ina jifa ina samun ƙasa, yau an yi doka ta sauko da kai daidai da ni."

Wanda aka aiko daga gidan sarki ya koya musu wani saurayi ne mai dogon wuya, sunansa Sikhotha. Bai kai a ɗinka masa zobe ba, amma ya kashe mutum huɗu, kuma yana so a sani. Ya tsaya a gabansu ya ɗaga nasa.

"Iyayena," ya ce, da irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo, "kun saba ku tsaya daga nesa ku jefa wa abokin gaba makamanku, shi ma ya tsince ya jefo muku, da yamma kowa ya tafi gida ya ci tuwo. An daina. Mashi ɗaya ne. Ba a jefa shi, Sarki da kansa ya ce ba ya jefuwa. Wanda ya jefa ya saɓa wa Sarki. Wanda ya dawo babu shi, yar da shi ya yi don ya ji daɗin gudu. Su biyun hanyarsu ɗaya ce, ta bayan shinge, zuwa dutsen nan da ungulu ke sauka."

Dlomo, tsohon induna, wato sarkin yaƙin da ke shugabantar rundunar, yana zaune a kan naɗaɗɗiyar garkuwarsa yana shaƙar garin taba. Shi ma a zamaninsa an san hannunsa a jifa. Ya yi atishawa, ya share hanci, ya tashi.

Wata uku suna abu ɗaya. Ka taho da gudu a bayan garkuwa mai tsayin mutum, ka saƙala gefenta a bayan ta abokin gaba, ka fizge ta gefe, haƙarƙarinsa na hagu su buɗe, ka soka daga ƙasa zuwa sama, ka ce, "Na ci!" Aiki ne mai sauƙi, kuma sauƙin ne ya fi ɓata wa Gabela rai. Ba ya bukatar ido, ba ya bukatar sanin iska. Duk ƙaton da ke da kafaɗa zai iya. Ya koya, tunda ba a tambaye shi ko yana so ba. Amma sau biyu Sikhotha yana kama hannunsa ya koma bayan kunne shi kaɗai, ya ɗana kamar zai saki, sau biyu kuma yana bugun gwiwar hannun da sanda a gaban kowa.

Kafin a fita yaƙi aka ba su kwana biyu a gida. Ya tarar da MaCele, matarsa, durƙushe tana niƙa a ƙofar bukka. Ta dubi abin da ke hannunsa, ba ta daina niƙan ba.

"Wannan ne? Ni na zaci abin tonon dankali ka kawo mini."

"Shi ne."

"Da wannan ai sai ka je har gaban mutum."

"Har in ji warin bakinsa."

"To, ya yi kyau. Shekara goma sha biyu kana zama da ni daga nesa, kana kallona da ido ɗaya kamar mai shirin jifa. Ko Sarki zai koya maka matsowa."

Ya matso. Ta ture shi da gwiwar hannu, ta ce zai zubar mata da gari. Da safen da zai tafi, ta miƙa masa ƙunshin gasasshiyar masara ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Ka sa ido a kan wancan sakaran yayan nawa. Baki gare shi, ba ya duba bayansa."

A mashigin kogi suka haɗu da mutanen ƙetare, ruwan ya kai cinya. Mutanen suka yi abin da kowa ya gada, suka tsaya suka yi jifa. Masu suka sauko a kan garkuwoyi kamar ƙanƙara, sannan suka ƙare, hannuwa suka zama wofi. Rundunar Dlomo ta afka cikin ruwa. Abin haushi, yaron nan mai dogon wuya yana da gaskiya. Gabela ya gani da idonsa, kuma bai yafe masa ba.

Shi bai kai ga kowa ba. Ƙafarsa ta zame a kan gansakuka, ruwa ya ja shi gefe, ya kama wani faffaɗan dutse ya hau. Daga nan ya hango Mpisi can nesa, a bakin inda kogin ya yi zurfi, ya saƙala garkuwa da wani ƙato suna ja, yana ta zagin uwar ƙaton da kakarsa. Bayansa kuma wani ya taho a sunkuye, ya ɗaga gatari da hannu biyu.

Gabela bai yi tunani ba. In da ya yi, da ya tuna doka, da ya tuna dutsen ungulu, da Mpisi ya mutu. Hannun ne ya koma bayan kunne, ya yi abin da ya yi shekara talatin yana yi. Mashin da ba ya jefuwa ya tashi, ya ƙetare ruwa, ya zauna a tsakanin kafaɗun mai gatari. Mutumin ya faɗa cikin zurfin, ruwa ya juya shi sau ɗaya, gajeriyar ƙotar ta leƙo sama, sannan ta bi kwana ta ɓace.

Mpisi ya gama da nasa ƙaton, ya yi ihu, "Na ci!" Ya waiwaya ya ga ƙotar tana tafiya. Ya duba dama, ya duba hagu, babu kowa kusa da shi. Ya ɗaga ido ya hango Gabela a kan dutse, hannunsa na dama a miƙe har yanzu, babu komai a ciki.

Su biyu suka bi gaɓar kogin har rana ta karkata. Suka ga kada uku, suka ga garkuwar wani, ba su ga mashi ba.

Waɗanda suka kashe mutum sun riga sun yi abin da ake yi. Kowa ya farka cikin wanda ya kashe don kurwarsa ta sami hanyar fita, ya tuɓe nasa ya ɗaura warkin mamacin. Daga nan har a isa gida boka ya wanke su, a gefe za su yi tafiya, a gefe za su ci abinci, kuma ba za su taɓa nono ba. Gabela ba shi da gawa, ba shi da warkin kowa. Da ya so, da ya shige cikin taron waɗanda ba su kashe ba, ya ɓoye hannunsa a bayan garkuwa, ya sami kwana uku na rufin asiri. Amma wanda ya zubar da jini ya sa hannu a tukunyar jama'a, duhun da ke kansa ya raba wa duk wanda ya ci. Sai ya ɗauki garkuwarsa ya je ya zauna cikin masu jini, da warkinsa na gida, da hannunsa wofi. Kowa ya gani. Da suka yada zango a wani ƙauye aka kawo ƙwaryar kindirmo, wani ya miƙo masa don ya gwada shi, ya kau da kai.

Rana ta biyu da tsakar rana suka zauna a inuwar wata ƙaya, Mpisi ya matso ya sassauta murya.

"An ɗauko masun waɗanda suka mutu a cikinmu. Suna can ɗaure. Zan zaro maka ɗaya."

"Kowa da fatar wutsiyar saniyarsa ya naɗe nasa. 'Yan'uwansu ne ke ɗauke da su za su kai wa iyayensu. Kana so in tsaya gaban Dlomo da mashin mamaci, ƙaninsa yana kallo?"

"To ka gudu. Ga daji nan, ba a rufe shi ba."

"In gudu a cinye gidana? Shanu, da yara, da ƙanwarka?"

Mpisi ya turo nasa da ƙafa. "Ɗauki wannan."

"Kai fa?"

"Ni ina da baki."

"Bakin ne ya kawo mu nan. Da ka rufe shi ka waiwaya, da yanzu ina da mashi."

"Ji mara kunya! Wa ya aike ka? Ina cikin aikina, na kusa gamawa, saura kakarsa ta wajen uba..." Ya ja mashinsa ya ajiye a cinya. Can ya kai hannu ya latsa cikin Gabela. "Ba ka farka naka ba. An ce cikin mutum kumbura yake yi. Ya fara?"

"Yunwa ce. Cire hannunka."

Kowace safiya sai ya latsa. Cikin bai kumbura ba. Gabela ya ɗauka kogin ne ya yi masa aikin, ko kadojin.

A rana ta huɗu suka shiga sansani. Aka jera su a fili, Dlomo a zaune a kan garkuwarsa, Sikhotha a tsaye a bayansa a matsayin idon Sarki. Kowa ya zo ya ɗaga mashinsa ya wuce. Aka zo kan wani mutum da ya juya baya tun kafin a shiga ruwa, mutum biyar suka shaida. Bai yi musu ba. Aka fita da shi ta bayan shinge, layi ya ci gaba da tafiya. Aka iso kan Gabela.

"Ina mashinka, ɗan Zungu?" in ji Dlomo.

"Yana cikin kogi, Baba."

"Shi kaɗai?"

"Da mutum a jikinsa."

Sikhotha ya tako gaba. "Baba, ni na gan shi. Yana tsaye a kan dutse, hannu wofi, babu abokin gaba ko ɗaya kusa da shi. Ko dai ya yar, ko ya jefa. Kuma kowa a nan ya san hannun nan. Sau biyu ina bugunsa."

"Ƙarya!" Mpisi ya fito daga layi ba a kira shi ba. "Na rantse da ƙanwata, Baba, a kafaɗata yake! Nan, nan! Numfashinsa har cikin kunnena. Shekara goma sha biyu ina fama da warin bakin nan, zan kasa gane shi? Ya soki mutumin, mutumin ya tafi da mashin, ruwa kuma ya kwashe shi ya kai shi kan dutse. Bai iya tsayuwa a ruwa ba, Baba, ko a rafin gidanmu faɗuwa yake yi, mata suna dariya."

Aka yi 'yar dariya a layi, ta mutu da wuri.

"Surukinsa ne," in ji Sikhotha. "Me zai ce?"

Gabela ya ji wani abu ya taso masa, kuma ba tsoro ba ne. Idan dai dutsen ungulu ne ƙarshen maganar, gara ya je can da sunansa. Bai yar ba, bai faɗi a rafin kowa ba. Ya yi abin da babu mai iya yi a filin nan, har da mai dogon wuya. Ya ja numfashi.

"Baba, gaskiyar magana ita ce..."

"Ban tambaye ka ba," in ji Dlomo. Ya zuba taba a tafin hannu, ya shaƙa a hankali. "Akwai wanda ya ga mai gatarin nan?"

Mutum uku suka ce sun gan shi yana tafiya a ruwa, da gajeriyar ƙota a bayansa, irin tasu.

"To. Mashinmu ne, a bayan mutuminsu. Saura mu san yadda ya je can. Ɗana Sikhotha, nuna mana. Ga ni, ni ne dutsen. Ina Mpisi ɗan Cele yake tsaye?"

Sikhotha ya taka, ya taka, ya tsaya can tsakiyar fili ya ce nan ne. Gabela ya dubi wurin, ya ga yaron ya rage nisan sosai, kuma sai da ya ciji harshensa don kada ya gyara masa. Dlomo ya sa aka kafa garkuwa a wurin, ya kira Sikhotha ya dawo.

"Ga mashinka a hannunka. Jefa."

Sikhotha ya dubi garkuwar, ya dubi tsohon. "Baba, ba a jefa shi."

"Na sani. Don mu gani ne kawai. Kai ne gwani a cikinmu, daga gidan Sarki ka zo. In ka same ta, mun san abin yana yiwuwa, sai a fita da ɗan Zungu. Kai kuma sai ka koma ka gaya wa Sarki cewa mashin da ya ce ba ya jefuwa, ka gwada a gaban mutum ɗari huɗu, ya jefu."

Sikhotha ba wawa ba ne, yaro ne kawai.

"Ba ya jefuwa, Baba."

"Haka ka gaya mana ranar da ka zo, kuma ni na yarda da kai. Dubi nauyinsa, duk a gaba. Ko taku biyar ba zai yi ba zai kifa kai."

"To ya yar ke nan."

"Ya yar, sai mashin ya yi iyo ya je ya hau bayan mutum?" Dlomo ya karkaɗe tafinsa. "Ni tsoho ne, idona ba ya kai nesa, amma yana ganin wurin cin abinci. Kwana uku mutumin nan yana zaune a gefe. An miƙa masa nono ya ƙi. Na ga matsorata da yawa, ɗana. Cikin taro suke shigewa, kuma su ne ke fara kai hannu tukunya. Ban taɓa ganin wanda ya yi wa kansa horon yunwa saboda mutumin da bai kashe ba. Mashin yana bayan abokin gaba. Ba ya jefuwa. Ashe soka shi aka yi. Akwai mai wata hanyar?"

Babu wanda ya samo wata.

"A kai shi wajen boka a wanke shi tare da sauran. A ba shi wani mashin. Kai kuma, ɗan Zungu, in ka sake sukar mutum, ka zare abinka kafin ya tafi. Maƙera ba bayinka ba ne. Na gaba!"

Gabela ya sunkuya zai wuce ta gabansa. Tsohon bai ɗago ba, yana ta kokawa da murfin ɗan ƙahon tabarsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar da ƙahon yake.

"Ta ƙarshen ƙota ka kama, ko ka matsa gaba kusa da ƙarfen?" Kafin Gabela ya motsa leɓe ya ce, "Kada ka amsa. Wuce."

Kwana shida boka yana ba su ɗaci suna sha suna amayarwa, yana yayyafa musu ruwan magani, sannan aka sallame su. Mpisi ya riga Gabela isa gida da rabin yini, saboda haka labarin ya riga shi. Ya tarar an share tsakar gida, an tace giyar dawa, MaCele tana tsaye a bakin shingen shanu da hannu a ƙugu.

"An ce har kafaɗarsa ka je," ta ce.

"Haka aka ce."

"Kai? Da ƙafarka? Ba aike ka yi ba?"

"Ruwa ne ya tura ni."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zo ta ɗora goshinta a ƙirjinsa, a tsakar gida, da rana tsaka, yara suna kallo, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya tsaya da hannuwa a sake kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai. Daga baya ya ɗora ɗaya a bayanta.

Bai gaya mata ba. Wuya uku ne ke rataye da maganar, nasa, da na Mpisi da ya rantse, da na tsohon da ya yanke hukunci, kuma magana ba ta zama a bukkar ciyawa. Shi da Mpisi ma ba su ƙara tayar da ita ba, ko su biyu a daji. Mpisi dai ya riƙe nasa labarin yana ba shi abinci. Kowace shekara Gabela yana ƙara matsowa a cikinsa: da fari a kafaɗa yake, daga baya ya zama sun haɗa baya, har aka kai shekarar da Gabela ya ɗauke shi a wuya da hannu ɗaya yana suka da ɗayan. Aka sauya masa kirari, aka manta na jifa, aka koma kiransa Mai-tsayawa-a-kafaɗa. Ya tsani sunan. Ya amsa shi shekara ashirin da shida.

Ba shekaru marasa daɗi ba ne, ko da yake ba zai faɗa da bakinsa ba. Ya je yaƙi sau uku bayan wannan, ya dawo da mashinsa sau uku. Shanu suka yi yawa har aka faɗaɗa shinge. Aka ƙara haihuwar biyu. Mutumin da aka sani da zama a bakin taro, sai ga shi ana kiransa rabon faɗa da neman aure, don an ce shi ba ya barin nasa. Tun yana zuwa don kunya har ya saba, har ya zama gaskiya. Da yamma yakan zauna kusa da dutsen niƙa, kusa sosai, MaCele tana korarsa yana ƙin tashi.

Sarkin ya wuce, wani ya hau, aka ce mutum yana iya riƙe dogon mashi ɗaya ko biyu tare da gajeren. Waɗanda suka fi kowa zagin jifa suka fara tuna cewa su dama can suna ganin amfaninsa. Dlomo ya daɗe da komawa wajen kakanni. Sikhotha ya yi furfura, ya sami samarin da ke ce masa "Baba" da irin ladabin nan. Babu sauran wuyan da ke rataye da komai.

Gabela ya ce zai gaya mata. Amma labarin ya riga ya zama nata. Ita ce ke ba jikoki shi, tana tashi tsaye tana gwada yadda ya kutsa cikin ruwa har ya dafa yayanta, kuma fuskarta takan yi wani haske da ba ya son ya taɓa. Ya ce bari a gama girbi. Aka gama, ya ce bari a kai autarsu gidan miji. Aka kai ta. Yana ganin akwai lokaci, kamar yadda duk mai mata da rai yake gani.

Tari ne ya kama MaCele, na kwana shida, a farkon shuka. Ranar ta bakwai da hantsi, yana can bakin shinge yana duba wata saniya mai ɗingishi, aka zo aka kira shi, kuma ko da ya sunkuya ya shiga bukkar an riga an daina sauri.

Bayan an rufe ta, mutane suka watse, Mpisi ya zauna tare da shi har rana ta yi sanyi, tsofaffi biyu a kan gungume ɗaya. Da ya tafi, Gabela ya dubi sabuwar ƙasar. Ya san yadda da za ta yi. Da ta riƙe ƙugu ta kira shi maƙaryaci, da ta ce dama ta sani, mutum irinsa ko ceto zai yi sai daga nesa, da ta yi dariya har ta share ido, sannan ta sa shi ya tashi ya auna mata a tsakar gida. Kalmomin suna nan a shirye, ya daɗe da jera su, ba su da yawa.

Jefa shi na yi, MaCele. Taku talatin da biyu, ina tsaye a kan dutse mai santsi, iska kuma tana busowa daga hagu.